Waiwaye: Nick Saban da tushen rigimar biyan ƴan ƙwallon jami'a a Amurka

Tun da Nick Saban ya ajiye aikin horar da ƙungiyar Jami'ar Alabama a watan Janairun 2024, yana da shekara 72, musu bai kwanta ba. Wasu na cewa kuɗin da aka fara ba ɗalibai ƴan wasa ne ya kore shi. Shi ma da bakinsa ya faɗa a wani zama a majalisar dokokin Amurka cewa matarsa Terry ta taɓa tambayarsa amfanin wahalar, tunda yaran yanzu nawa za a ba su kawai suke tambaya. Wasu kuma na cewa mai ɗaukar fiye da dala miliyan 11 a shekara ba shi da bakin yin wannan ƙorafi.

Ƙwallon Amurka ake magana, wadda ake runguma a hannu ana ture juna. Tarihin mutumin kuwa sananne ne. Ya ci kofin ƙasa yana horar da ƙungiyar Jami'ar Jihar Louisiana (LSU) a kakar 2003, ya gwada ƙwararru a Miami shekara biyu abin bai karɓe shi ba, ya koma Alabama a 2007 ya ƙara kofi shida. Bakwai ke nan, ya wuce Bear Bryant, tsohon kocin Alabama, mai shida.

Amma asalin rigimar ya girmi duk waɗannan kofuna. A 1984, lokacin Saban yana ɗan mataimakin koci a Jami'ar Michigan State, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Jojiya suka shigar kan NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i. Kafin nan hukumar ce kaɗai ke sayar da wasannin jami'o'i ga gidajen talabijin, kuma komai farin jinin ƙungiya ba za a nuna ta fiye da sau shida a shekara biyu ba. Alƙalai bakwai suka ce tsarin ya saɓa wa dokar gasar kasuwa, biyu suka ƙi. Cikin biyun akwai Byron White, wanda shi kansa tsohon tauraron ƙwallon ne a Jami'ar Colorado, ya ja kunne cewa za a mayar da wasan ɗalibai sana'a.

Da farko ma farashi faɗuwa ya yi, don wasanni sun yi yawa a kasuwa. Daga baya ne gungun jami'o'i suka gane cinikin, kowane ya riƙa ƙulla nasa, kuɗi suka shigo kamar ruwan Agusta. To ina za a kai su? Wata ƴar jimla a cikin hukuncin ta ce ɗalibi ɗan wasa ba a biyansa, aka yi shekaru ana kafa hujja da ita a kotuna. Ɗan wasa sai kuɗin makaranta da abinci da makwanci. Ragowar ta tafi gine-gine da albashin masu horarwa. A wannan kasuwa Alabama ta ba Saban kwantiragin dala miliyan 32 na shekara takwas a 2007, mutane suka riƙe baki, ba a jima ba abin ya zama ruwan dare.

Ni dai ban ga laifinsa ba, ya iya aikinsa, kuma filin da ke cin mutum fiye da dubu 100 a Tuscaloosa, garin da jami'ar take, ba banza yake cika ba. Sai dai yaron da ke karya ƙashi a gaban wannan taro shi ma ya iya lissafi.

A 2021 Kotun Ƙolin ta ce waccan jimla ba ta ɗaure ta ba, kuma daga 1 ga Yuli aka bar ƴan wasa su ci kuɗin talla da sunansu. A Yunin 2025 wata alƙaliya ta amince da sulhu tsakanin ƴan wasa da NCAA da ya ba kowace jami'a damar raba musu kusan dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko. A lokacin Saban ya riga ya koma sharhin wasanni a talabijin.