Malamin dabbobi ya duba naman, shi ke nan sai ci?

Tambaya: A kwatar garinmu malamin dabbobi yana duba nama kafin mahauta su kai kasuwa. Ba shi ne gwajin ƙwayoyin cuta a nama ba?

Amsa: Wannan dubawa ce. Malamin yakan kalli dabba tun tana tsaye, bayan an feɗe ya tsaga hanta da huhu. Da haka ake kama tarin fuka na shanu da tsutsar hanta, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Amma ƙwayoyin cutar da ke sa amai da gudawa, irin su Salmonela da Kamfailobakta, ido ba ya ganinsu, ba su kuma sa nama wari. A hanjin dabba lafiyayya suke zaune. Ko ƙosasshen sa ne aka sayo a kasuwar Wudil ranar Juma'a, muddin wuƙa ta huda hanji wajen fiɗa kashi ya taɓa tsoka, sun samu hanya.

Tambaya: To yaya ake gwajin na gaskiya?

Amsa: A ɗakin gwaje-gwaje ake yi. Akan yanko giram 25 na nama, ko a kurkure kaza cikin leda a ɗebi ruwan. Sai a zuba a wani romo na musamman ya kwana a ɗumin digiri 37 don ƙwayoyin su hayayyafa, sannan a shafa a faranti mai ɗauke da abincinsu, a sake jira su tsiro. Kafin a tabbatar da Salmonela sai an yi kwana 3 zuwa 5. Ita Kamfailobakta ta fi son digiri 42, kusan zafin jikin kaza ke nan, shi ya sa kaza ta zame mata gida.

Tambaya: Mahaucin ƙauye zai iya kai namansa a gwada?

Amsa: Da kamar wuya. Masu irin wannan aiki su ne hukumar NAFDAC, jami'o'i, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, kuma sai nama ya isa wurinsu da sanyinsa. Abin da aka yanka da safe aka sayar kafin la'asar, ina zai jira kwana biyar? Amfanin gwajin shi ne ya nuna ko kwata ko gidan kaji na da tsabta, don a gyara yankan gaba.

Tambaya: Kaza ce ke kawo taifot?

Amsa: A'a. Wata Salmonela ce daban ke kawo taifot, a jikin mutum kaɗai take rayuwa, daga bayan gida take shiga ruwa da abinci.

Tambaya: Mu a gida fa?

Amsa: Wuta ce gwajinmu. Idan tsakiyar naman kaza ya kai digiri 74, ƙwayoyin sun mutu, kuma miyar da ta daɗe tana tafasa ta wuce haka. Ni tukunya ba ta damuna. Abin da nake kallo shi ne katakon mai tsire da daddare: ya yanka ɗanyen nama a kai, ya goge wuƙa da tsumma, ya yanka albasa da tumatir a wuri ɗaya. Tsiren ya sha wuta, albasar kuwa ko ɗumi ba ta ji ba, kuma tare za a naɗe maka su a takarda.