Sutura da Zaman Baƙi a Birnin Chiang Mai

Chiang Mai shi ne babban birnin arewacin ƙasar Tailan, a gaɓar kogin Ping, kimanin kilomita 700 daga Bankok. Yana cikin garuruwan ƙasar da baƙi suka fi zama na dogon lokaci: tsofaffin da suka yi ritaya daga Turai, Amurka da Japan, malaman Turanci, ɗalibai, masu aiki ta intanet, da ma'aikata masu yawa daga Myanmar. Dokar ƙasa ba ta ce komai mai yawa a kan abin da baƙo zai sa ba. Abin da ke aiki shi ne al'ada, wadda ke auna mutum da tsaftar tufafinsa da dacewarsu da wurin da ya shiga. Mutanen gari ba su cika yi wa baƙo gyara a fuska ba. Wanda ya saɓa, a irin karɓar da ake masa a ofis ko makaranta zai gane.

Tarihin sutura da zuwan baƙi

Sarki Mangrai ne ya kafa birnin a 1296 ya mai da shi hedkwatar masarautar Lanna. Tsohon garin murabba'i ne, kowane ɓangare ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi, da ganuwa da ramin ruwa kewaye da shi. Mutanen Bama, wato Myanmar ta yau, sun mallake shi daga 1558 har wajen 1774, sannan ya kusan zama kufai kafin Sarki Kawila ya sake tara masa jama'a a ƙarshen ƙarni na 18.

Suturar Lanna ta dā ta bambanta da ta Bankok. Mata na ɗaura pha sin, zane ne da aka ɗinke bakinsa biyu ya zama kamar bututu, mai ratsi a kwance da ado a gindi, kuma a ƙauye ba lallai ne a rufe ƙirji ba. Maza na yin jarfa baƙa daga kwankwaso zuwa gwiwa, abin da ya sa mutanen kudu suka riƙa kiransu masu baƙin ciki, wato cikin jiki. A tsakiyar ƙasa kuwa maza da mata duk chong kraben suke ɗaurawa, dogon ƙyalle da ake naɗe ƙarshensa a ratsa shi tsakanin ƙafafu a soke a baya. Gimbiya Dara Rasmi ta gidan sarautar Chiang Mai, wadda ta auri Sarki Chulalongkorn na Siam (Tailan ta yau), an san ta da riƙe pha sin da dogon gashi a fadar Bankok a lokacin da matan fada ke yanke gashi gajere. Ta koma gida a 1914, ta rasu a 1933.

Cikin baƙin da suka daɗe da zama akwai fataken Musulmi daga lardin Yunnan na ƙasar Sin, waɗanda ake kira Chin Haw, masu ayarin alfadarai. Ɗan mishan Ba'amurke Daniel McGilvary ya iso a 1867, daga baya kamfanonin Ingila masu saran itacen tik suka biyo, irin su Borneo Company da Bombay Burmah. Ma'aikatansu ne suka kafa kulob ɗin Gymkhana a 1898, wanda yana nan har yau. 'Yan mishan sun kawo rigar mata mai hannu da keken ɗinki ta makarantunsu. Jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1920, ya cika kasuwa da yadin masaƙa.

Sauyin da ya fi tasiri daga sama ya zo. An ruwaito cewa tun farkon mulkinsa, wajen 1851, Sarki Mongkut ya umarci fadawa su riƙa sa riga idan za su zo gabansa, don kada Turawa su ɗauke su marasa wayewa. Ɗansa Chulalongkorn ya shigo da farar kwat mai tsayayyen wuya a farkon shekarun 1870. Sai Firaminista Plaek Phibunsongkhram, wanda a zamaninsa aka sauya sunan ƙasar daga Siam zuwa Tailan a 1939, ya fitar da umarnin al'adu guda 12 tsakanin 1939 da 1942. Na goma, na watan Janairun 1941, ya hana fita bainar jama'a ba riga ko da ɗaurin ƙyalle kawai, gwamnati kuma ta matsa wa jama'a su sa hula, takalmi, wando da siket. Umarnin bai daɗe ba bayan faɗuwar gwamnatinsa a 1944, amma ya bar tunanin cewa rufe jiki da kyau alamar mutunci ce da kishin ƙasa. Wannan shi ya sa Bature da ke yawo tsirara daga ƙugu zuwa sama a titi yake jawo kallo: abin da aka tilasta wa kakannin mutanen gari su bari da sunan koyi da Turawa, shi Baturen yake yi.

Kayan da yau ake kira tufafin ƙasa ma ba tsofaffi ba ne. Sarauniya Sirikit ce ta sa aka tsara na mata saboda ziyarar da ta yi Amurka da Turai a 1960, suka zama salo takwas. Rigar maza mai tsayayyen wuya ta fito a wajen 1979. A Chiang Mai makarantu da ofisoshin gwamnati da yawa na sa kayan gargajiya ranar Juma'a, galibi pha sin ga mata da mo hom ga maza, rigar auduga rinanniya da shuni wadda lardin Phrae ya shahara da ita. Baƙon malami da ya saya ya sa, ana jin daɗinsa.

Wuraren ibada

Ƙa'idar ɗaya ce a dukkan haikalin Buda, manya irin su Wat Phra Singh, Wat Chedi Luang da Wat Phra That Doi Suthep da ke kan dutse, da ƙananan na unguwa: a rufe kafaɗa da gwiwa, namiji da mace. Singileti, gajeren wando, riga mai shara-shara da wando mai yagaggen gwiwa duk ana iya mayar da mai su daga ƙofa. A manyan wuraren akwai zanen aro ko na haya a bakin shiga. A fadar Bhubing, gaba da Doi Suthep, an fi tsanantawa.

Ana cire takalmi da hula kafin shiga zauren ibada, a tsallake dokin ƙofa ba a taka shi ba. Idan an zauna, ana lanƙwashe ƙafafu baya, domin miƙa tafin ƙafa wajen gunkin Buda ko wajen mutum cin fuska ne. Mace ba ta taɓa limamin Buda, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Ajiyewa take yi a kan ƙyallen da zai shimfiɗa. A motar haya ma ba ta zama gefensa. Wasu gine-gine an hana mata shiga gaba ɗaya, kamar ɗakin ginshiƙin birni a Wat Chedi Luang da zauren azurfa na Wat Si Suphan. Al'adar arewa ce, kuma ana muhawara a kanta.

Ofis, makaranta da launuka

Ƙasa ce ta yunifom. Har ɗaliban jami'a na sa farar riga da baƙin wando ko siket a lokutan da aka ƙayyade, don haka malamin da ya zo daga waje ana sa ran ganinsa da riga mai kwala, dogon wando da rufaffen takalmi, malama kuma da siket da ya kai gwiwa da riga mai hannu. Guga ta fi tsada muhimmanci. Rigar kasuwa mai arha da aka goge ta fi ta kanti da ta yamutse, kuma saboda zafi mutane na wanka sau biyu ko fiye a rana, warin gumi abin kunya ne ƙwarai. Ofishin shige da fice, kotu da sauran ma'aikatu kan liƙa sanarwar neman sutura ta kamala, kuma jami'i na da ikon ƙin sauraron wanda ya zo da kayan bakin ruwa.

Kowace rana da launinta: Lahadi ja, Litinin rawaya, Talata ruwan hoda, Laraba kore, Alhamis ruwan lemo, Juma'a shuɗi mai haske, Asabar shunayya. Yawancin mutane ba sa bin wannan kullum, sai dai rawaya ta zama launin sarki saboda Sarki Bhumibol da ɗansa Sarki Vajiralongkorn duk ranar Litinin aka haife su, kuma makarantu kan nemi ma'aikata su sa ta a ranakun sarauta. A rikicin siyasar 2006 zuwa 2010 rawaya da ja sun zama alamun ɓangarori biyu, kuma Chiang Mai, mahaifar tsohon Firaminista Thaksin Shinawatra, ta karkata ga ja.

Baƙin launi shi ne na makoki. Shi ake sawa a jana'iza, ko fari, kuma ba a zuwa da shi biki ko duba mara lafiya. Da Sarki Bhumibol ya rasu ranar 13 ga Oktoban 2016, ma'aikatan gwamnati sun yi shekara guda cikin baƙaƙen kaya, aka roƙi baƙi su guji launuka masu ƙyalli.

Yanayi da kula da kaya

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ana sanyi da asuba, mai hawa babur sai da rigar sanyi. Maris zuwa Mayu zafi kan kai maki 40. Damina na ɗauka daga wajen Mayu zuwa Oktoba, lokacin da fumfuna ke cin takalmin fata da jaka a cikin kabad idan ba iska. Maganinsa a bar ƙofar kabad a buɗe, kada a ajiye kaya da sauran danshi. Auduga da lilin sun fi roba. Daga Fabrairu zuwa Afrilu hayaƙin ƙona gonaki da daji kan taru a kwarin da birnin yake, ya yi kama da hazon hunturu a ido, amma ƙwayoyinsa ƙanana ne da ke ratsa takunkumin ƙyalle. Takunkumi mai tace iska samfurin N95 ake sawa, masu hali kuma su sayi na'urar tace iska ko su bar garin.

A bikin Songkran na sabuwar shekarar gargajiya, 13 zuwa 15 ga Afrilu, ana watsa ruwa a kan kowa, musamman a gefen ganuwa. Farar riga mara kauri ba ta dace ba don tana nuna jiki idan ta jiƙe, waya da fasfo kuma sai a jakar roba.

Masu babban jiki kan sha wuyar samun kaya, musamman takalmi. Akwai yadi da teloli a kewayen kasuwar Warorot. Injin wanki na tsaba yana kusan kowace unguwa. Wajen shanya, kayan ciki da zannuwan mata ƙasa-ƙasa ake rataye su, nesa da inda kan mutum zai wuce, saboda kai abin girmamawa ne a wurinsu.

Takardu da gida

Duk baƙon da ya zauna kwana 90 a jere sai ya sanar da hukumar shige da fice adireshinsa, daga kwana 15 kafin wa'adi zuwa kwana 7 bayansa. Makara tarar baht 2,000 ce (baht shi ne kuɗin ƙasar). Mai gida kuma doka ta ɗora masa sanar da hukuma cikin awa 24 da saukar baƙo, ta fom ɗin TM30. A nan ake yawan samun matsala: mai gida ya manta, sai ranar sabunta biza a nemi shaidar a rasa. Tsawaita zama baht 1,900 ne. Wanda ya fita ƙasar bai karɓi izinin sake shiga ba, tsawaitawarsa ta mutu. Wuce wa'adi baht 500 ne kowace rana har zuwa 20,000, kuma idan ya yi tsawo ana hana mutum dawowa na shekaru. Bizar ritaya na buƙatar shekara 50 da baht 800,000 a banki ko kuɗin shiga 65,000 a wata. Masu zuwa daga Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi da Sudan ana neman katin rigakafin shawara a hannunsu. Takardun hukuma da shekarar Buda ake rubuta su, wadda ta ɗara ta Miladiyya da 543.

Baƙo ba ya mallakar fili. Yana iya sayen ɗaki a benen haɗaka muddin rabon baƙi bai wuce kashi 49 cikin 100 ba. A haya akan ba da kuɗin wata biyu a matsayin jingina, kuma ya kamata a tambayi farashin wuta tun kafin sa hannu, domin wasu masu gidaje na sayar da ita sama da farashin hukuma, bambancin da ke fitowa fili a watannin da ake kunna na'urar sanyaya ɗaki. Ba a shan ruwan famfo kai tsaye. Ana cire takalmi a ƙofar kowane gida da wasu shaguna da ƙananan asibitoci; tarin takalma a bakin ƙofa shi ne alama.

Zirga-zirga da ladabi

A hagu ake tuƙi. Motar haya ta gari jar a-kori-kura ce mai benci biyu a baya, ana tsayar da ita a faɗi wurin zuwa kafin a hau. Akwai kuma manhajojin kiran mota ta waya, Grab da Bolt. Baƙi da yawa babur suke haya, kuma nan ne haɗarin ya fi yawa: wanda ba shi da lasisin babur ko hular kwano, kamfanin inshora na iya ƙin biyan kuɗin asibitinsa. Ƙunar salansa a ƙwauri ta zama ruwan dare ga masu gajeren wando, kuma ciwon kan yi saurin ruɓa a damina.

Gaisuwa ita ce haɗa tafukan hannu a ƙirji da ɗan sunkuyawa, ƙarami ke fara yi wa babba. Ɗaga murya a kan ma'aikaci ba ya gaggauta komai. Ana sa taken ƙasa ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, jama'a su tsaya cak a tasha da kasuwa. Sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki, kuma bai ware baƙi ba, har da abin da aka rubuta a intanet. An haramta shigo da sigarin lantarki tun 2014.

Musulmi baƙi

Masallacin Ban Ho na zuriyar Yunnan yana kusa da kasuwar dare, da gidajen abincin halal a layinsa da kasuwar safiyar Juma'a. Akwai wasu masallatai a Chang Khlan da Chang Phueak, inda 'yan asalin kudancin Asiya suka fi yawa. Hijabi, hula da doguwar riga ba sa jawo magana, sun ma cika sharaɗin kowane ofis. Abinci ne ke son lura, domin girkin arewa ya dogara da naman alade, har a romo da man suya na abincin da aka ce na kaza ne. Khao soi, taliyar da ake ci da miyar kwakwa wadda ake danganta asalinta da fataken Chin Haw, ana samunta da kaza ko naman sa a shagunan Musulmi. Da yawa daga kayan gwangwani da na leda kuma suna ɗauke da tambarin halal na Majalisar Ƙoli ta Musulunci ta ƙasar.