Maganin tsinka jini: ma'anarsa da yadda yake taɓa ƙoda

Sunan kansa yana rikitarwa. Maganin tsinka jini ba ya mayar da jini tsararo kamar kokon da aka cika wa ruwa. Aikinsa jinkirta daskarewar jini, don kada gudaji ya toshe jijiya. Wanda aka fi sani shi ne warfarin, da ya fara fitowa a Amurka a 1948 a matsayin maganin ɓera, sai a 1954 aka yarda a ba mutane. Yana hana hanta amfani da bitamin K, sinadarin da take haɗa kayan daskarewa da shi.

Ba tsofaffi kaɗai ke shan sa ba. Yaron da ciwon maƙogwaro ya lalata masa ƙofar zuciya, aka sa masa ta ƙarfe, zai sha shi har ƙarshen rayuwa. Ana auna ƙarfin maganin da gwajin INR, wanda ke nuna yadda jini ke jinkiri kafin ya daskare: na mai lafiya kusan 1 ne, na mai shan maganin galibi ana son ya tsaya tsakanin 2 da 3.

In maganin ya wuce gona da iri, ƙananan matatan ƙoda sai su fara yoyo. Jajayen ƙwayoyin jini su zubo, su cunkushe siraran bututun da fitsari ke bi, aikin ƙodar ya ja baya. Fitsari yakan fito ja kamar zoɓo, ko kamar baƙin shayi. Wani lokaci kuwa ido ba ya ganin komai, sai gwajin fitsari da na jini.

A nan ne ake yin kuskure a wurinmu. Saurayi mai shan maganin ya ga jini a fitsari, sai kowa ya ce tsargiya ce, ai ya yi wanka a kududdufi. A garzaya kemis. Jinin tsargiya daga mafitsara yake, yawanci ɗigo ne a ƙarshen fitsari. Na ƙoda kuwa a gauraye yake tun daga farko. Abin haushin ma, a kemis ɗin ake ƙara wa wutar fetur: Flagyl da Septrin suna ƙara wa warfarin ƙarfi sosai, ibuprofen da diclofenac kuma suna ƙara zubar jini, suna wahalar da ƙodar.

Daina shan warfarin da kai ma haɗari ne, domin gudaji na iya maƙalewa a ƙofar ƙarfen. Asibiti za a nufa ranar da aka ga jinin, a auna INR da aikin ƙoda, likita ya rage maganin ko ya ba da bitamin K.