Rumfar Jikin Mota

Rumfar jikin mota mafaka ce ta wucin gadi da matafiyi ko mai kwanan daji yake kafawa a gefen mota ko a bayanta. Motar ce take zama bango ɗaya, ita ce kuma take ɗauke da gefe ɗaya na rufin. Ana yin ta da tamfol ko wani yadi mai hana ruwa shiga, da sanduna biyu ko uku, da igiya da turaku. Akwai wadda kamfanoni suke ƙerawa, amma masu amfani da ita da yawa da hannunsu suke haɗa tasu, domin aikin bai fi ƙarfin wanda ya iya awo da ƙulli ba. Tanti yana tsayuwa da ƙafarsa, ita kuwa wannan rumfa jingine take, saboda haka ingancinta ya rataya ne a kan yadda aka haɗa ta da motar da kuma yadda aka karkata rufinta.

Asali

Kwanan daji da mota ya yaɗu a Amurka bayan fitowar Ford Model T a 1908, lokacin da mota ta fara shiga hannun masu ƙaramin ƙarfi. A shekarun 1910 da 1920 an riƙa sayar da tantuna masu gangare ɗaya waɗanda ake jefa leɓensu ta saman motar a ɗaure ta ɗaya gefen. A 1919 masu irin wannan yawo suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a birnin Tampa na jihar Florida. A Jamus, kamfanin Westfalia ya fara mayar da motocin bas na Volkswagen ɗakin kwana a 1951, kuma rumfar gefe tana cikin kayan da ake iya ƙarawa. Tantin da ake ɗorawa a saman mota ya fito a Italiya a ƙarshen shekarun 1950. Abin da ya sauƙaƙa wa mai haɗa tasa da kansa shi ne samuwar yadi marar nauyi: kamfanin DuPont ya ƙirƙiro nailan a 1935, foliyesta kuma ta biyo baya a Birtaniya a 1941.

Siffofi

Mafi sauƙi ita ce rumfar gefe: baki ɗaya na tamfol a saman mota, ɗayan a kan sanduna biyu. Idan aka cire sandunan aka kafe bakin a ƙasa, ta zama jinginanniyar bukka, wadda ta fi jure iska amma ba a iya miƙewa tsaye a cikinta sai kusa da motar. Akwai kuma ta baya, ga motocin da ƙofar but ɗinsu take ɗagawa sama. Ƙofar ce take zama rufi, sai a rataya yadi a gefunanta. Irin mai buɗewa kamar fiffike ta zagaye gefe da baya, wadda ake yawan gani a Ostireliya da Afirka ta Kudu, tana buƙatar hannuwan ƙarfe da walda, ba kasafai mai farawa yake taɓa ta ba.

Yadi da sanduna

Tamfol na leda shi ne mafi arha, kuma yana hana ruwa sarai, sai dai yana da ƙara idan iska ta taso, rana kuma tana cinye shi da wuri. Nailan ba shi da nauyi kuma yana da ƙarfi, amma yana saki idan ya jiƙe, har rumfar da aka ɗaure tamau da yamma ta wayi gari ta yi ciki. Foliyesta ba ta saki haka, ta kuma fi jure rana, shi ya sa ta fi dacewa da wannan aiki. Yadin auduga mai kauri ya fi sanyi a ƙarƙashinsa, amma nauyi gare shi kuma yana jinkirin bushewa. Masu sayar da yadin tanti suna auna hana ruwansa da milimita, wato zurfin ruwan da yadin zai iya riƙewa a kansa kafin ya fara yoyo. Wanda ya kai 1,500 ya isa ruwan sama na yau da kullum. Faɗin mita 2.5 zuwa 3 kowane gefe ya wadatar ga ƙaramar mota.

Sanduna na iya zama na alminiyom mai zugewa, ko na gora, ko katako. Bututun roba na ruwa yana lanƙwasa idan rana ta yi zafi, bai cancanci zama ginshiƙi ba.

Haɗawa da mota

A nan ne yawancin rumfunan hannu suke gazawa. Idan motar tana da kariyar ɗora kaya a samanta, aikin ya yi sauƙi: a ɗaure doguwar sanda a jikin kariyar, a ɗinka wa bakin tamfol kube a zura sandar ciki. Amfanin wannan shi ne jan iska yana rarrabuwa a tsawon bakin gaba ɗaya, maimakon ya taru a kan biyu ko uku daga zobban da ke bakin tamfol. Motocin zango da yawa suna da siririn indararo na alminiyom a gefe, wanda ake zura igiya mai kauri da aka ɗinke a bakin yadin. Wannan haɗi ya fi kowanne toshe ruwa.

Motar da ba ta da kariya tana da hanyoyi uku. Ta farko ita ce ta mutanen da: a jefa igiya ta saman motar a ɗaure a tayoyin ɗaya gefen ko a turke. Wannan hanya tana da ƙarfi ƙwarai, illa dai igiyar tana goge fenti, don haka ake sa tsumma a ƙarƙashinta a inda ta taɓa bodi. Ta biyu ita ce robar nan mai tsotsa da ke manne wa gilashi ko fenti mai santsi. Tana riƙewa idan wurin yana da tsabta, amma ƙura kaɗan ko zafin rana kan sa ta saki ba tare da gargaɗi ba, kuma bai kamata a dogara da ita kaɗai a kwana ba. Ta uku maganaɗisu ne, wanda ba ya kama bodin alminiyom ko na faiba, kuma idan tsakuwar yashi ta shiga ƙarƙashinsa sai ya karce fenti. Wasu suna matse igiya a bakin ƙofa su rufe. Yana aiki, amma igiyar tana jawo ruwa ta zuba shi cikin mota ɗigo-ɗigo, tana kuma lalata robar ƙofar.

Kowace mota tana da iyakar nauyin da samanta yake ɗauka a lokacin tafiya, kuma an rubuta shi a littafinta. Ga ƙananan motoci da yawa yana tsakanin kilo 50 da 100, har da nauyin kariyar kanta. Abin da aka ɗaure a sama dole ya zauna daram a kan titi, domin sanda da ta kwance a cikin gudu haɗari ce ga wanda yake biye.

Ruwa da iska

Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, lita 1 kuma kilo 1 ce. Rumfa mai mita 3 kowane gefe, idan aka yi ruwan milimita 10 bai samu hanyar zuba ba, ta ɗauki kilo 90. Abin yana farawa ne da ɗan kwarmi a tsakiya. Ruwa ya taru, nauyinsa ya ƙara zurfin kwarmin, zurfin ya ƙara tara ruwa, har zobe ya ɓalle ko sanda ta karye. Maganinsa gangare ne. A rage tsawon sanda ɗaya ta fi 'yar'uwarta gajarta da kamar taƙi ɗaya, ruwa zai bi wannan kusurwa ya sauka waje guda, nesa da ƙofar mota. Wasu suna tokare tsakiya da sanda ta uku, su kifa mata tsagaggen ƙwallon tanis a kai don kada ta huda yadin.

Iska ta fi ruwa ɓarna. Ƙarfinta yana ninka sau huɗu idan gudunta ya ninka sau biyu: iska mai gudun kilomita 40 a awa tana danna kusan kilo 7 a kowane murabba'in mita da ta fuskanta, mai gudun 80 kuwa kusan kilo 30. Idan ta shiga ta ƙarƙashi, ɗaga rumfar take yi ta kifa ta a saman motar, sandunan su bugi gilashi. Shi ya sa ake ajiye motar ta tare iskar, rumfar ta kasance a ɗaya gefen. Kowace sanda tana son igiya biyu da suka rabu, turke kuma a kafa shi kansa yana karkata nesa da rumfar. A cikin yashi turke ba ya kamawa. Sai a ɗaure igiyar a guntun itace ko jakar yashi a binne a kwance. Idan zobe ya yage, ana sa ɗan dutse mai santsi a cikin yadin, a dunƙule shi, a zarge wuyansa da igiya. Sau da yawa wannan ƙulli ya fi zoben da aka saya da shi ƙarfi. Idan hadari ya haɗu sosai, sauke rumfar ake yi tun bai iso ba.

Hayaƙi da wuta

Haɗarin da ya fi kisa shi ne iskar kabon monoksaid da ke fita daga salansa, janareta, risho ko garwashin gawayi. Ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da oksijin sau sama da 200. Rumfar baya ta fi shiga wannan haɗari, tunda salansa a nan take. Ba a kunna inji alhali rumfa tana haɗe kuma gefunanta a rufe, ba a kuma shigar da wuta ciki don jin ɗumi. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya su ne alamun farko, mai barci kuwa ba ya jin su. Nailan da foliyesta narkewa suke yi su ɗiga idan wuta ta taɓa su, don haka girki a bakin rumfa ake yi, inda iska take wucewa.

Ajiya

Yadin da aka naɗe a jiƙe yana yin fumfuna cikin 'yan kwanaki, musamman na auduga, shafen hana ruwan da ke jikin nailan da foliyesta kuma ya fara ɓarewa. Idan tilas ta sa aka naɗe shi da danshi, a shanya shi da zarar an isa, a duba layin ɗinki da zobba, a shafa man toshe ɗinki a inda allura ta bar huji.