Gane irin shuka ta siffar ƙwara da fatar bayanta

Gane iri ta siffa shine mutum ya ɗauki ƙwara ɗaya ko cikin tafi guda ya duba girmanta da ƙirarta da yanayin fatar bayanta, ya faɗi ɗiyan wace shuka ce ba sai an jira ta tsiro ba. Manoma da 'yan awo da matan dake tsince hatsi a faifai a ƙasar Katsina da Daura da ido da yatsa suke yi, su kuma ma'aikatan gwajin iri sai su haɗa da gilashin ƙara girma da madubin likita. Ɗakin gwajin iri na farko wani Bajamushe ne Friedrich Nobbe ya buɗe shi a garin Tharandt a 1869 saboda algus ɗin da ake ma manoma a irin da suke saye, a 1924 kuma aka kafa ƙungiyar gwajin iri ta duniya wato ISTA. A Najeriya hukumar NASC ce ke sa ido kan ingancin iri.

Abinda ake dubawa

Launi ne ke fara jan ido amma shine mafi yaudara, dan iri in ya tsufa yakan dushe ko ya yi duhu, ga shi yanzu kamfanoni na shafa ma iri maganin ƙwari mai kala ja ko kore, to kalar ta ina za ta taimaka maka. Abinda baya canjawa da sauƙi shine ƙira da ido da fata.

Ido shine tabon inda ƙwarar ta manne da kwanso, a dangin wake ya fi fitowa ɓaro ɓaro. Wake idonshi a gefe yake, ɗan dogo, fari, da zobe baƙi ko ruwan ƙasa kewaye da shi, ƙwarar ta ɗan lanƙwasa ta wajen. Gujiya ita mulmulalliya ce mai tauri da santsi, idon fari tas. Waken suya ƙarami ne mai ɗan zagaye, idon siriri. Fatar wake kanta kashi biyu ce, akwai mai santsi akwai mai yamutsi irin ta kanannado, kuma ba banza ba masu ƙosai da alala suka fi son mai yamutsin, dan da an jiƙa shi ƙowar ke saluɓewa. In ka ga ɗigo ɗigo fari manne a bayan wake wannan ba halittarshi bace, ƙwan ƙwaro ne, huda na nan tafe.

Itatuwa irin bagaruwa da gawo da ɗorawa ɗiyansu na da wani siririn layi a kowane gefe mai lanƙwasa kamar kofaton doki, ka duba kalwa da kyau bayan an wanke garin zaka ganshi, kuma wannan layin kaɗai ya isa ya nuna maka dangin da ƙwarar ta fito. Ɗiyan tsamiya masu sheƙi ne da kusurwa da tabo a tsakiya, na kuka lanƙwasassu ne baƙi baƙi. Dukkansu fatarsu tauri gare ta ruwa baya shiga da wuri, shi yasa masu renon itace ke jiƙa su a ruwan zafi ko su ɗan kankare bayan kafin shuka. Zogale ba mai ɓata a kanshi, fiffike 3 ne farare jikin ƙwarar. Tumfafiya gashi ne da ita mai laushi iska ke ɗauka, ƙarangiya kuma ƙayar da ke maƙale ma wando kwanso ce, ainihin ƙwarar na ciki.

Masu kama da juna

Nan ne aikin yake. Tafasa da rai ɗore 'yan gida ɗaya ne kuma sukan fito wuri guda a bakin gona, amma ɗiyan tafasa dogaye ne masu kusurwa kamar an yanke bakinsu a karkace, ruwan ƙasa mai ƙyalli, na rai ɗore kuwa shafaffu ne masu ɗan zagaye ba ƙyalli. Bambancin ya zama na kuɗi tunda aka fara sayen ɗiyan tafasa buhu buhu ana fita da su ƙasar Sin, banda haka ɗiyan rai ɗore in sun yi yawa cikin abincin dabba ko kaji suna cutar da su. Yakuwa da rama ma haka, gurguzun yakuwa ya fi lanƙwasa da ja ja, na rama ya fi kusurwa da toka toka, wanda bai saba ba sai ya haɗa su a mudu ɗaya bai sani ba. Alayyahu da lalo duk ƙanana ne ainun, sai dai na alayyahu baƙi ne mai sheƙi mai sulɓi a hannu, na lalo kuma kusurwa gare shi.

Akwai waɗanda sanin su kariya ne musamman gidan da yara suke. Ɗiyan zurma masu zane zane da ƙyalli da ɗan tudu fari a baki ɗaya, da idon zakara ja wur mai baƙin tabo, duk biyun guba ne mai kisa in an tauna. Na zaƙami shafaffu ne masu lanƙwasa da fata mai kaushi, kuma sukan shiga cikin hatsi lokacin girbi.

Inda ido ya gaza

Wuta wuta ko ƙuduji ɗiyanta basu kai rabin milimita ba, ƙura kawai zaka gani, sai a madubin likita ake ganin zanen layukan dake jikinsu. Tushe ɗaya na zubar da dubun dubata kuma suna iya zama cikin ƙasa sama da shekara 10 suna jiran saiwar gero ko dawa, dan haka irin da aka sussuka a ƙasa a gonar da take zai iya ɗauko ta ba wanda ya lura.

Sannan siffa na nuna jinsin shuka ne, bata cika nuna nau'i ba. Kowa zai raba gero da dawa, mai awo a kasuwar Mai'aduwa ko Charanci zai raba maka kaura mai manyan ƙwara rawaya da farafara yana hira, amma raba gero da maiwa ta ƙwara kaɗai sai gwani, shi ma yakan kuskure, bare a ce wanga buhun ingantaccen geron SOSAT ne tsantsa ko ɗaya daga cikin irin dawar SAMSORG na cibiyar binciken noma ta IAR Samaru. Masu cewa sun gane da kallo yawanci cika baki ne. Hukumomin iri abinda suke yi shine su shuka samfur a fili su duba tsawo da kai da kwanakin nuna, ko su kai shi gwajin ƙwayar halitta, haka nan ko irin zai tsiro ko ya mutu sai an jera ƙwara 100 a jiƙaƙƙen tsumma an ƙirga waɗanda suka fito.