Waiwaye: Wa Zai Biya Kuɗin Bututun Da Ya Tsallake Iyakar Ƙaramar Hukuma?

Idan ƙananan hukumomi huɗu ko biyar suka haɗa kogi ɗaya, duk abin da ta tudu ta zubar, ta gangare ce za ta kwasa. Ruwan wanka da na wanki da na banɗaki da na masana'antu gangara kawai yake bi, babu ruwansa da inda iyakar wannan kansila ta ƙare ta wancan ta fara. Shi ya sa injiniyoyi suka daɗe suna ba da shawara iri ɗaya: a haƙa babban bututu guda ya bi kwarin, kowane gari ya jona nasa, a kai komai matata ɗaya ko biyu. Sau da yawa hakan ya fi araha a kan kowane gari ya gina 'yar matatarsa. Amma in ka bi tarihin wannan aiki daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa yau, da wuya ka ga inda rashin zane ya tsayar da shi. Inda ake cijewa shi ne wa ke da ikon cin bashi da sunan kowa, da me za a biya bashin, kuma nawa ne kason kowane gari.

Landan ce ta fara ɗanɗana kuɗarta. Kafin 1848, kwamitoci daban-daban ne ke kula da magudanun birnin, kowanne da yankinsa da irin faɗin lambatunsa, har takan kai babban lambatu ya tsallake iyaka ya zuba a cikin ƙarami. A 1848 aka haɗe su suka zama kwamiti ɗaya, shi kuma ya matsa a rufe ramukan masai na gidaje a jona su da magudanu. A lokacin ana ganin wari ne ke kawo cuta, saboda haka nesanta ƙazanta daga gida shi ne magani. Matsalar ita ce magudanun a kogin Thames suke zubawa, kuma daga kogin nan wasu kamfanoni ke ɗebo ruwan da suke sayar wa mutane su sha. Kwalarar 1848 zuwa 1849 ta kashe fiye da mutum 14,000 a birnin, ta 1853 zuwa 1854 kuma fiye da 10,000.

A 1855 aka kafa hukumar ayyuka ta babban birnin, wadda majalisun unguwanni ke tura wa wakilai. Babban injiniyanta Joseph Bazalgette ya fito da tsari: manyan bututu su bi gefen kogin, su tare ƙazantar kafin ta shiga ruwa, su kai ta can gabas. Zane ya samu, aiki bai tashi ba. Gwamnatin tsakiya tana da ikon hawa kujerar na ƙi a kan tsarin, tana kuma so a kai mazubar nesa fiye da yadda aka zana, alhali ba ta ce ga kuɗin ƙarin ba. Hukumar kuwa ba ta da ƙarfin cin bashin da aikin ke bukata. Haka aka yi ta mayar wa juna takardu.

Zafin bazarar 1858 ne ya raba gardama. Kogin ya yi ƙasa, ƙazantar ta dahu a rana, ga ginin majalisar dokoki a bakin ruwan. Sai da aka riƙa jiƙa labule da sinadari ana rataye su a tagogi don 'yan majalisa su iya zama. Ministan kuɗi Benjamin Disraeli ya kawo ƙudurin doka, cikin kwana 18 ya wuce. Abin lura shi ne dokar ba ta zo da sabon zane ba. Ta cire wa gwamnati ikon hana tsarin, ta ba hukumar damar cin bashin fam miliyan 3 tare da baitulmali ya tsaya mata, sannan ta ware harajin kwabo uku a kan kowace fam ta ƙimar hayar gidaje, na tsawon shekara 40, don biyan bashin. Ke nan an samu mai yanke hukunci guda, an samu bashi mai dogon zango, an samu kuɗin shiga da aka ɗaure wa bashin. Da waɗannan aka gina manyan bututu masu tsawon kusan kilomita 132, da bulo kimanin miliyan 318. Da kwalara ta dawo a 1866, ɓarnarta ta fi yawa a gabashin birnin, inda ba a riga an gama jona magudanu ba.

Kada a ɗauka an gama. Tsarin Bazalgette bai tace komai ba, gangarar da ƙazantar kawai ya yi zuwa wajen gari ya sake ta a kogi. A 1878 jirgin ruwan fasinja Princess Alice ya nutse kusa da mazubar, fiye da mutum 600 suka mutu a cikin wannan ruwan, hakan ya ƙara matsin lamba a fara tacewa. Ita kanta hukumar, zargin cin hanci a harkar filaye da kwangila ya ci sunanta, a 1889 aka maye gurbinta da majalisar da jama'a ke zaɓa kai tsaye. Wannan rauni ne da ke bin irin waɗannan hukumomi har yau: kuɗi mai yawa a hannun mutanen da mai biyan haraji bai san ko sunansu ba.

A Shikago dabarar ta fito ta wata fuska. Kundin tsarin mulkin jihar Illinois na 1870 ya ƙayyade bashin da gari zai iya ci, kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na ƙimar kadarorin da ake wa haraji, birnin kuwa ba shi da sauran sarari. Sai a 1889 aka kafa gundumar tsafta mai zaman kanta, da iyakarta da ta wuce ta birnin, da zaɓaɓɓun shugabanninta, da ikon sa haraji da cin nata bashin. Ita ta haƙa mashigin ruwa mai tsawon kilomita 45 da aka buɗe a Janairun 1900, wanda ya juya kogin Shikago ya daina zubawa a tafkin da birnin ke sha, ya nufi kogin Mississippi. Mutanen St. Louis da ke gangare suka ce ba su yarda ba, jiharsu ta Missouri ta kai ƙara kotun ƙoli, ta sha kaye a 1906. Gundumar ta yi wa nata mutanen magani, amma faɗinta bai kai faɗin kogin ba, don haka na ƙasa ne suka karɓi kayan.

Jamusawan yankin Ruhr sun fi kowa kama bakin zaren a wannan wuri. Kogin Emscher ya ratsa garuruwa masu ma'adinan kwal da masana'antun ƙarfe, ƙasa tana zaftarewa saboda haƙar da ake yi a ƙarƙashinta, ruwan ƙazanta yana kwanciya a unguwanni. A 1899 garuruwan da kamfanonin haƙar ma'adinai da masu masana'antu suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta Emschergenossenschaft, doka ta tabbatar da ita a 1904. Iyakarta ita ce iyakar ruwan da ke gangarawa kogin. Shiga dole ne, kowa yana biya gwargwadon abin da ya jawo da amfanin da yake samu, ƙuri'arsa kuma tana bin kuɗin da yake zubawa. Saboda zaftarewar ƙasa ba a iya binne bututu ba, sai aka mayar da kogin buɗaɗɗen lambatun siminti har kusan shekara ɗari. Da haƙar ma'adinan ta ja baya, wannan ƙungiyar dai ce ta fara gyara a 1992, ta haƙa bututu mai kilomita 51 a ƙarƙashin ƙasa, a ƙarshen 2021 kogin ya rabu da ruwan ƙazanta, a kan kuɗi kimanin yuro biliyan 5.5. Aikin shekara 30 irin wannan ya fi ƙarfin wa'adin kowane shugaban ƙaramar hukuma.

Inda sai an tambayi jama'a da ƙuri'a, labarin birnin Seattle na Amurka ya isa misali. A shekarun 1950, ƙananan matatu goma ne ke zuba ruwansu a tafkin Washington, gansakuka ta fara cinye shi, ana rufe wuraren wanka. A Maris 1958 aka kawo shawarar kafa hukumar yanki da za ta riƙe magudanu da sufuri da tsara gari gaba ɗaya. Mutanen birni suka amince, na kewaye suka ƙi, don suna tsoron babban gari zai haɗiye su. Masu shawarar suka rage buri: magudanu kaɗai, yankin ma aka matse shi. A Satumba ta wuce. Aka sa wa kowane gida dala 2 a wata, aka sayar da takardun bashi bisa wannan kuɗin, zuwa 1968 an daina zuba ruwan matatu a tafkin, kuma ya washe cikin 'yan shekaru. Kowane gari ya ci gaba da riƙe ƙananan bututun titunansa da karɓar kuɗi daga mutanensa, hukumar yanki ta riƙe manyan bututu da matata tana caji garuruwan a sari. Wannan rabon aiki shi ne ya fi kwantar wa ƙananan garuruwa da hankali a wurare da yawa.

Daga nan gwamnatocin tsakiya suka shigo da kuɗi. Dokar tsaftar ruwa ta Amurka ta 1972, wadda majalisa ta tabbatar duk da Shugaba Nixon ya ƙi sa hannu, ta ɗauki nauyin kashi 75 cikin 100 na kuɗin gina matatu. An yi gini sosai. Amma tallafin na gini ne, bai shafi albashin ma'aikata da wutar lantarki da sinadarai da gyaran injinan tura ruwa ba, waɗannan a kan masu amfani suke. Garin da kashi ɗaya cikin huɗu kawai zai biya, me zai hana shi zaɓar babba? Wasu ƙananan garuruwa sun wayi gari da matatar da ta fi ƙarfin aljihunsu. A 1981 aka rage tallafin zuwa kashi 55, a 1987 kuma aka sauya tsarin zuwa asusun rance na jihohi mai sauƙin kuɗin ruwa, wanda abin da aka biya ake sake ranta wa wani gari.

Mafi munin misali shi ne gundumar Jefferson ta jihar Alabama. A 1996 ta shiga yarjejeniyar kotu ta gyara magudanunta da ke ambaliya a koguna, ta kuma karɓi bututun garuruwa fiye da 20 da ke cikinta, da yawansu a lalace. Kuɗin aikin ya yi ta kumbura, kwangiloli suka cika da cin hanci, aka mayar da bashin mai tsayayyen kuɗin ruwa zuwa mai hawa da sauka bisa shawarar bankuna. Da kasuwar kuɗi ta rikice a 2008, bashin magudanun da ya haura dala biliyan 3 ya gagara biya. Jami'ai da 'yan kwangila da dama sun tafi gidan yari, ciki har da tsohon shugaban majalisar gundumar Larry Langford, da aka yanke wa shekara 15. A Nuwamban 2011 gundumar ta ayyana karyewa, mafi girma da wata ƙaramar hukuma ta taɓa yi a Amurka kafin ta Detroit a 2013. Kuɗin wata da gidaje ke biya ya ninka sau da dama, kuma talakan da ke jone da bututun ne ya fi jin jiki.

Duk waɗannan wurare ne da ke da rajistar gidaje da harajin da ake iya karɓa. Inda babu su, unguwar Orangi a birnin Karachi na Pakistan ta nuna wata hanya tun daga 1980, ƙarƙashin jagorancin Akhtar Hameed Khan. Mazauna kowane lungu suka haɗa kuɗi suka gina banɗakunansu da bututun lungunsu da hannunsu, aka bar wa hukuma babban bututu da matata. Kuɗin ya sauko ƙwarai, amma tsarin ba ya cika sai hukuma ta sauke nata rabin.

Yau idan shugabannin ƙananan hukumomi suka zauna kan irin wannan aiki, rigimar tana farawa ne daga ma'aunin rabon kuɗi. In aka bi ƙimar kadarori, gari mai arziki ya ce an zalunce shi. In aka bi yawan jama'a, garin da ke da masana'anta ɗaya mai zubar da ƙazantar mutum dubbai ya sha da sauƙi. In aka kafa mita a bakin iyaka ana auna abin da kowa ya turo, wanda a ganina shi ya fi kusa da adalci, to tsohon gari mai fasassun bututu zai biya kuɗin tace ruwan sama da ke tsiyaya ciki, kuma hakan ne kaɗai ke sa shi ya tashi ya gyara. Sai batun girman bututu: ana haƙa shi ne da lissafin jama'ar shekara 30 ko 50 masu zuwa, to wa zai biya sararin da babu kowa a ciki tukuna? Amsar da aka fi bi ita ce kuɗin jonawa da ake karɓa daga kowane sabon gini, ko da yake in ginin bai zo yadda aka zata ba, bashin yana komawa kan tsofaffin mazauna. Garin da za a kafa matatar a cikinsa shi ma yana da nasa ƙorafin, na wari da motocin kwashe taɓo da filin da ba zai ƙara samun haraji a kai ba, shi ya sa akan yi masa rangwame ko a ba shi ƙarin kujera.

Masu ba da rance kuwa ba su cika damuwa da waɗannan ba. Shafi ɗaya suke nema a cikin yarjejeniyar: wanda ya ce babu garin da zai fice ko ya daina biyan kasonsa kafin a gama biyan bashin, ko da an sauya shugabanni, kuma hukumar yankin tana da ikon ƙara kuɗin wata idan abin da ke shigowa ya gaza. In wannan shafin ya yi sako-sako, kuɗin ruwan da za a ɗora wa bashin yana hawa tun kafin a haƙa ramin farko.