Dokar Kalifoniya da ta hana tura ɗalibi gida saboda taurin kai

Shekara da shekaru, a jihar Kalifoniya ta Amurka ana iya dakatar da ɗalibi daga makaranta kan laifin da dokar ilimi ke kira "bijirewa da gangan". Laifin ba shi da iyaka. Yaron da ya ƙi cire hula a aji, da wanda ya mayar wa malami magana, da wanda barci ya sace a kan tebur, duk suna iya faɗawa ciki. Alƙaluman jihar kuma sun sha nuna cewa hukuncin ya fi sauka a kan 'ya'yan baƙaƙen fata da yara masu buƙata ta musamman.

Makarantun Los Anjeles sun daina wannan hukuncin tun 2013. A 2014 jiha ta hana shi daga ajin share fage zuwa aji uku, a 2019 aka kai har aji takwas. Daga baya Sanata Nancy Skinner ta gabatar da ƙudirin SB 274, Gwamna Gavin Newsom ya rattaba hannu a Oktoban 2023, ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 2024, ya haɗa har aji goma sha biyu. Na aji shida zuwa sama yana da wa'adi, zai ƙare a Yulin 2029 in ba a sabunta ba.

Masu cewa an ɗaure wa malami hannu ba su karanta dokar da kyau ba. Malami yana da ikon fitar da mai hana karatu daga ajinsa a ranar da kuma washegari. Faɗa, makami da ƙwaya har yanzu suna jawo dakatarwa. Abin da aka hana shi ne a ce wa yaro ya tafi gida don ya yi gardama kawai. Haka ma makara da fashin makaranta. Wannan ya fi kwanta mini, don ban ga yadda zaman gida zai gyara yaron da dama gudun makaranta yake yi ba.

In malami ya kai ƙarar ɗalibi, dole hukumar makaranta ta rubuta matakin da ta ɗauka cikin kwanakin aiki biyar. Nan damuwata take. Matakin na iya zama zama da iyaye, ko ganin mai ba da shawara, ko sulhu tsakanin yaron da wanda ya ɓata wa. Duk suna buƙatar ma'aikata da lokaci. A makarantar da ba ta da su, gobe da safe yaron zai dawo kujerarsa, malamin kuma shi kaɗai zai ji da shi.